Blackstar: yadda David Bowie ya ɗauko makaɗan jaz, da yadda rasuwarsa ta raba sharhin kundin gida biyu

Ranar Juma'a 8 ga Janairu 2016 David Bowie ya cika shekara 69, kuma a ranar ce aka saki kundin waƙoƙinsa mai suna Blackstar. Ranar Lahadi 10 ga wata ya rasu a New York, bayan kimanin wata 18 yana fama da kansar hanta ba tare da duniya ta sani ba. Wannan tazara ta kwana biyu ita ta sa yi wa kundin hukunci na adalci ke da wuya. Duk wanda ya saurare shi bayan fitar labarin rasuwar, da mutuwa a ransa yake saurare. Sai dai an yi sa'a, manyan jaridu da mujallun kiɗa sun riga sun rubuta sharhinsu tun mutumin yana raye, lokacin da babu mai tausaya masa. Waɗannan rubuce-rubuce na farko su ne ma'aunin da ya fi gaskiya. Amma kafin a kai gare su, sai an san abin da aka yi a situdiyo, domin lakabin "kundin jaz" da aka liƙa masa bai faɗi abin daidai ba.

Bowie ɗan Landan ne, an haife shi a unguwar Brixton a 1947, kuma tun farkon shekarun 1970 yake cikin manyan mawaƙan rok. A 2004 ciwon zuciya ya kama shi yana rangadin wasa a Jamus, aka yi masa aikin gaggawa, daga nan ya daina yawon wasa. Shekara goma ya yi bai fitar da sabon kundi ba, sai a 2013 ya dawo da The Next Day, wanda rok ne zalla, da tsofaffin makaɗansa. An yaba, amma kowa ya ji cewa waiwaye ne.

Shi kuwa jaz ba baƙonsa ba ne. Yayansa da suke uwa ɗaya, Terry Burns, shi ya fara jiyar da shi faifan John Coltrane da Charles Mingus yana yaro. Saksofon ne kayan kiɗan da ya fara koya da gaske, har ya ɗauki darasi wurin Ronnie Ross, gwanin busa a Landan. A 1973 ya bar Mike Garson ya yi wa waƙar "Aladdin Sane" wani kiɗan fiyano mai karkata wanda bai yi kama da rok ba ko kaɗan. A 1993 ya gayyato mai busa kakakin jaz Lester Bowie cikin kundin Black Tie White Noise. (Ba su da dangantaka, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan Lester ɗin shi ne ya zauna wurin Fela Kuti a Legas a 1977, har ya yi busa a faifan No Agreement.) Duk waɗannan ɗanɗano ne, a ɗauko mutum ɗaya ya ƙawata waƙa ya tafi. A Blackstar ne ya miƙa wa 'yan jaz ginin gaba ɗaya.

Hanyar ta biyo ne ta wurin Maria Schneider, mai tsara kiɗa kuma shugabar babbar ƙungiyar jaz a New York. A 2014 suka yi waƙar "Sue (Or in a Season of Crime)" tare, mai tsawon fiye da minti bakwai, wadda ta fito cikin tarin tsofaffin waƙoƙinsa Nothing Has Changed. Wanda ya yi busar saksofon a waƙar shi ne Donny McCaslin, kuma Schneider ce ta ba Bowie shawarar ya je ya ji ƙaramar ƙungiyar McCaslin ta mutum huɗu. Ya same su suna wasa a 55 Bar, wani ɗan ƙuntataccen gidan kiɗa a unguwar Greenwich Village, ya zauna ya saurara. Daga baya saƙo ya iso wa McCaslin.

Mutanen su ne McCaslin a kan saksofon da sarewa, Jason Lindner a kan fiyano da na'urorin sauti masu madannai, Tim Lefebvre a kan jitar bas, sai Mark Guiliana a kan ganguna. Ben Monder mai jita ya shigo a zangon ƙarshe na aikin. James Murphy na ƙungiyar LCD Soundsystem ya ƙara 'yan kaɗe-kaɗe a waƙoƙi biyu. Furodusa kuwa Tony Visconti ne, wanda suka fara aiki da Bowie tun ƙarshen shekarun 1960.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi: ƙungiya ya ɗauka sukutum, ba ɗaiɗaikun gwanaye ba. Wanda ya san yadda makaɗan kalangu da suka daɗe a bayan mawaƙi ɗaya ke gane inda zai juya tun bai juya ba, ya san amfanin haka. Mutum huɗun nan sun shafe shekaru suna wasa tare, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Abu na biyu, ba jaz ɗin gargajiya suke yi ba. Kundinsu na 2012, Casting for Gravity, cike yake da salon kiɗan kwamfuta, har da maimaita wani kiɗa na Boards of Canada, 'yan Sukotland masu kiɗan na'ura. Guiliana ya yi suna ne da iya buga wa da hannu irin tsinkakken bugun da injin ganga ke yi. Bowie kuwa tun kundin Earthling na 1997 yake sha'awar wannan bugu mai gudu. Ke nan inda suka haɗu ba tsohon jaz na shekarun 1950 ba ne, kiɗan na'ura ne da 'yan Adam ke bugawa.

Tsarin aikin ya tafi kamar haka. Bowie ya naɗi gwajin waƙoƙin a gida, da jita da madannai da injin ganga, ya aika wa makaɗan su saurara. Daga Janairu zuwa Maris 2015 suka yi zango uku a situdiyon Magic Shop a New York, kowane zango kimanin mako guda. Makaɗan suna bugawa tare a lokaci ɗaya, Bowie yana waƙa da cikakkiyar murya a wurin, ba wai a naɗi ganga yau a ɗora bas gobe ba, kamar yadda aka saba a kiɗan zamani. Yawancin waƙoƙin a ɗauka ta farko ko ta biyu aka same su. Bayan haka McCaslin ya riƙa ɗora layukan busa a kan juna, saksofon da sarewa, har mutum ɗaya ya zama kamar sashen masu busa guda. Muryar kuma Bowie da Visconti suka sake naɗar mafi yawanta a wani situdiyo mai suna Human. Kevin Killen ne injiniyan naɗi, Tom Elmhirst ya yi haɗin sauti na ƙarshe.

Wannan hanya tana da dalili. Idan an naɗi makaɗa tare, mai ganga yana jin inda mawaƙi ya matsa murya sai ya amsa masa nan take, kuma wannan amsa ba a ƙirƙiro ta daga baya da kwamfuta. Haɗarinta shi ne kuskure ɗaya yana iya lalata ɗauka gaba ɗaya, kuma ƙarar ganga kan kutsa cikin makirufon sauran kayan kiɗa. Shi ya sa sai da gwanaye ake yin ta, shi ya sa kuma ake ajiye muryar farko a matsayin jagora a sake wata mai tsabta.

To ina jaz ɗin yake? A tsarin jaz da aka sani, ana fara buga karin waƙar, sannan makaɗa su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ƙirƙirar nasa da ka a kan zagayen haɗin amo mai gaɓa 12 ko 32, a ƙarshe a koma kan karin farko. Ana kuma tafiya da wani rangaji a bugun, inda ba a raba kowace ƙirga biyu daidai wa daida. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a Blackstar. Waƙoƙi ne masu baiti da amshi, Bowie ya rubuta kusan dukkansu ya tsara su tun kafin kowa ya shiga situdiyo. Jaz ɗin yana cikin hannun masu bugawa ne. Rok yana tafiya da ƙirga huɗu-huɗu, ƙaramar ganga mai tsawa tana faɗowa a kan ta biyu da ta huɗu, kuma a kan wannan mai sauraro ke kaɗa kai. Guiliana yana riƙe da ƙirgar, amma yana gusar da bugun zuwa gurbin da kunne bai zata ba. Lefebvre ba ya tsayawa kan tushen amo kawai, yana yawo yana ba murya amsa. Sannan gurbin da jita ke cikewa a kundin rok, wato kiɗan kaɗaici a tsakiyar waƙa, saksofon aka ba. Visconti da kansa ya shaida wa mujallar Rolling Stone cewa manufarsu ita ce kauce wa rok, kuma sun saurari kundin To Pimp a Butterfly na mawaƙin rap Kendrick Lamar, wanda ya fito a Maris 2015, saboda yadda ya zuba salo iri-iri cikin kundi ɗaya ba tare da tsoro ba.

Irin wannan haɗi ya sha ba mawaƙa kunya, kuma hanyoyin lalacewarsa sanannu ne. Ta farko, mawaƙi ya ɗauko gwanayen jaz sannan ya ɗaure musu hannu, su buga abin da kowane makaɗin haya zai iya. Sai a samu kiɗa mai santsi marar gishiri, sunayensu kawai aka saya. Ta biyu kishiyar wannan ce: mawaƙin ya bar gidansa ya shiga nasu, ya ce shi ma jaz zai yi. Joni Mitchell ta yi kusa da haka a kundin Mingus na 1979, da Jaco Pastorius da Wayne Shorter da Herbie Hancock. Aiki ne mai daraja, amma ra'ayin masu sharhi ya rabu, gidajen rediyon rok kuma suka juya masa baya. Sting a 1985 ya ɗauko Branford Marsalis da Kenny Kirkland da Omar Hakim da Darryl Jones, ya yi kasuwa sosai, amma wasu 'yan jaz suka ga kamar an janye musu gwanaye zuwa kiɗan kasuwa. Ta uku matsalar sauti ce tsantsa: babban saksofon da muryar namiji suna zaune a kusan mataki ɗaya na amo, idan suka yi magana tare sai su danne juna. A Blackstar an magance wannan ta hanyar ba su fili bi da bi. In Bowie yana waƙa, busar kan koma dogayen amo a bayansa. In ya yi shiru, sai McCaslin ya fito.

Kundin gajere ne, waƙa bakwai cikin minti 41. Ta farko, mai sunan kundin, ita ce ta fi ɗaukar hankali. Asalinta ta haura minti 11, aka rage ta zuwa minti 9 da daƙiƙa 57 saboda a lokacin iTunes, kantin sayar da waƙoƙi ta intanet, ba ya sayar da waƙa ita kaɗai idan ta wuce minti goma. Waƙoƙi biyu ne a zahiri aka ɗinke. Kashin farko yana kai-komo tsakanin haɗin amo biyu da rabin mataki kawai ya raba, abin da ke ba kunne wani yanayi mai kama da kiɗan Gabas ta Tsakiya ko na kudancin Sifen, muryar Bowie a ninke, wata sama wata ƙasa, gangar kuma tana tuntuɓe da gangan. Wajen tsakiya komai ya narke, sai wata waƙa mai taushi ta ɓullo, irin ta salon sol na Amurka. Gwanintar tana wurin komawa: kalmomin kashin farko suna dawowa a kan bugun kashi na biyu, har mai sauraro ya tsinci kansa a inda ya faro bai san lokacin da aka juyo da shi ba.

"Sue" da "'Tis a Pity She Was a Whore" duk sun taɓa fitowa a 2014, an sake naɗarsu ne. Kwatanta tsohuwar "Sue" da sabuwa shi ne hanya mafi sauƙi ta gane abin da ƙungiyar McCaslin ta kawo. Ta Schneider shimfiɗaɗɗiya ce, masu busa da yawa suna tafiya kamar hadari. Sabuwar ba ta kai minti biyar ba, an matse ta a kan wani maimaitaccen bugu na bas da jita mai kaushi, ganga tana gudu a ƙasa. Ita kuwa "'Tis a Pity She Was a Whore", wadda ta ari sunanta daga wasan kwaikwayon John Ford na ƙarni na 17, nan ne McCaslin ya fi sakin jiki, har ana jin Bowie yana ihun jin daɗi a bayan busar wajen ƙarshe. "Girl Loves Me" an rubuta ta da zaurance iri biyu, wanda Anthony Burgess ya ƙirƙira a littafinsa A Clockwork Orange da kuma Polari, wani tsohon zaurance na Birtaniya, kuma ita ce mafi rauni a kundin in an cire bugun Lefebvre. "Dollar Days" ita ce ba ta da gwajin gida, a situdiyo Bowie ya ɗauki jita ya koya musu ita. Ta ƙarshe, "I Can't Give Everything Away", tana ɗauke da busar hamonika da ta fito daga wani kiɗa na kundinsa Low na 1977, ta rufe da jitar Monder.

Yanzu ga sharhin. An aika wa 'yan jarida kundin tun a Disamba 2015. David Fricke na Rolling Stone ya ba shi tauraro huɗu cikin biyar. Alexis Petridis na jaridar Guardian ma huɗu ya bayar. Shafin Pitchfork ya ba shi 8.5 cikin 10, kwana ɗaya kafin fitowarsa. Abin da ya haɗa waɗannan rubuce-rubuce shi ne maganar gaba suke yi: dattijo ya daina waiwaye, ya samo sababbin abokan aiki, ya buɗe wani babi. Sun yi magana a kan ganga da busa, sun kwatanta shi da kundayensa na gwaji na ƙarshen shekarun 1970 da kuma aikin mawaƙi Scott Walker. Ma'anar kalmomin kuwa ta gagare su. Har an yi ta yaɗa cewa waƙar farko a kan ƙungiyar ISIS take, saboda McCaslin ya ce haka Bowie ya gaya masa, daga baya mai magana da yawun Bowie ya musanta. Wasu sun lura da yawan ambaton mutuwa, amma ai Bowie ya daɗe yana wannan, ba wanda ya ɗauke shi a matsayin labarin kansa.

Da gari ya waye ranar Litinin 11 ga Janairu, sai karatun ya juye. Visconti ya rubuta a Facebook cewa kundin kyautar bankwana ce Bowie ya bar wa masoyansa. Waƙar "Lazarus", wadda ke buɗewa da mai waƙa yana cewa a ɗaga kai a gan shi a sama, ta zama wasiyya a idon jama'a. Bidiyonta, da ya fito ranar 7 ga Janairu, yana nuna shi kwance a gadon asibiti an ɗaure masa idanu da ƙyalle. Hatta bangon kundin, baƙin tauraro da Jonathan Barnbrook ya zana ba tare da hoton Bowie ba, an shiga yi masa fassara.

Wannan karatu yana da tushe, domin mutumin ya san yana da kansa lokacin da yake rubuta waƙoƙin. Amma an wuce gona da iri, kuma akwai hujjoji uku da ke rage masa ƙarfi. "Lazarus" an rubuta ta ne don wasan dandamali mai wannan suna, wanda Bowie ya rubuta da Enda Walsh aka buɗe a New York a Disamba 2015, kuma a bakin Thomas Newton aka sa ta, baƙon wata duniya da Bowie ya fito a matsayinsa a fim ɗin The Man Who Fell to Earth na 1976. Na biyu, daraktan bidiyon, Johan Renck, ya ce shawarar kwanciya a gado tasa ce, kuma a makon ɗaukar bidiyon ne, cikin Nuwamba 2015, aka sanar da Bowie cewa magani ya ƙare. A lokacin an gama naɗar kundin da watanni. Na uku, Visconti ya ce kimanin mako guda kafin rasuwar Bowie ya kira shi yana maganar wani sabon kundi, har ya riga ya yi gwajin waƙoƙi biyar. Wanda ke shirin kundi na gaba bai ɗauki wannan a matsayin kalmarsa ta ƙarshe ba. Illar karatun bankwana ita ce ya tura makaɗan gefe: aka koma tonon kalmomi ana neman alamun mutuwa, aka manta cewa abin da ya bambanta kundin da The Next Day shi ne mutum biyar ɗin da ke bayansa.

Ta fuskar kasuwa ba a raba tasirin rasuwar da na kundin. Ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, karo na farko ke nan da kundin Bowie ya kai haka, inda ya sauke kundin 25 na Adele. A Birtaniya ma ya yi na ɗaya. Shafin Metacritic, mai tattara makin masu sharhi, ya tsayar da shi a 87 cikin 100, alhali The Next Day 81 ya samu. Wanda zai yi amfani da wannan lamba ya tuna cewa ta haɗa sharhin kafin rasuwa da na bayanta. A ƙuri'ar masu sharhi ta shekara da jaridar Village Voice ke shiryawa a lokacin, Blackstar ne ya zo na ɗaya a 2016, Lemonade na Beyoncé yana biye.

Ba ko'ina ya yi nasara ba. Ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Mercury ta Birtaniya, amma alƙalai suka ba Skepta, ɗan Landan mai asali da Nijeriya, saboda kundinsa Konnichiwa. A Grammy ta Fabrairu 2017 ba a ma sa shi cikin masu neman kundin shekara ba, abin da ya jawo surutu. Sai dai ya lashe duka biyar ɗin da aka sa shi: kundin kiɗan da ya saɓa wa na yau da kullum, ingancin naɗin sauti, zanen bango, sannan waƙar farko ta ci kyauta biyu a rukunin rok, ta rubutu da ta rerawa. Kundin da furodusansa ya ce an yi shi don guje wa rok, a rukunin rok aka karrama shi, ba a kuma sa shi a rukunin jaz ko ɗaya ba. Kafin wannan dare, Grammy ɗaya tak Bowie ya taɓa ci a gasa, ta wani bidiyo a 1985, ban da ta girmamawa da aka ba shi a 2006. A bikin Brit na wannan watan kuma ya samu kyautar kundin shekara da ta gwarzon mawaƙin Birtaniya.

Mai son ya auna aikin ƙungiyar McCaslin ba tare da nauyin labarin bankwana ba yana da inda zai duba. Akwai waƙoƙi uku da aka naɗa a zaman Magic Shop ɗin amma ba su shiga kundin ba: "No Plan", "Killing a Little Time" da "When I Met You". Sun fito tare da waƙoƙin wasan Lazarus a Oktoba 2016, sannan a wani ƙaramin faifai ranar 8 ga Janairu 2017. "Killing a Little Time" ta fi duk abin da ke cikin Blackstar zafi da kaushi, kuma a cikinta ake jin iyakar abin da Guiliana da Lefebvre ke iya yi idan aka sakar musu linzami.